Turaren Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye min suna, 'yan unguwarmu suna da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai.

Ni matar aure ce a Nassarawo, nan Mubi, ɗinki nake yi a cikin gida, maigidana kuma yana harkar dabbobi a kasuwa, tun safe sai magariba. Da mu da surukina muke zaune, Baba, mahaifin maigidan. Da can a wajen Sorau yake da shanunsa da gonarsa, lokacin da 'yan bindiga suka shigo aka yi gudu shanun suka tafi, ƙanin maigidana da ya bi sawunsu har yau babu labarinsa. A gudun nan ina da tsohon ciki, Baba ne ya goya min babbar 'yata muka bi duwatsu da ƙafa, bai sauke ta ba ko da ƙafarsa ta kumbura. Na faɗi haka ne don kar wani ya zo kwament yana zagar min shi.

Bayan mun dawo ne ya fara shan taba. Dattijo ne mai sahun gaba a masallaci, ba zai yarda a gan shi da kara a hannu ba, don haka a falo yake sha, inda yake kwana, ya rufe ƙofa ya rufe windo ya saki labule. Gidan tun da aka gyara rufinsa ba a sa silin ba, bangon da ya raba falo da ɗakina bai kai sama ba, duk abin da ya busa ta saman kaina yake saukowa ina kan keken ɗinki. Mu kuma a gidan ba mai furta sunan abin. Turare muke cewa. Yara su taho da gudu, sai in ce ku dakata Baba yana turare. In ya gama in kunna turaren wuta na gaske in zagaya da shi saboda masu kawo ɗinki. Da haka muka rufa masa asiri, shi ma yana yi kamar bai san mun sani ba.

Kwanakin baya na fara yawan ƙishirwa da kasala, na je asibiti aka yi min gwaji. Nas ɗin ta ce suga na ya hau, bai zama ciwon sosai ba amma yana bakin ƙofa. Ciwon sugan nan shi ya kashe mahaifiyata, sai da aka yanke mata ƙafa kafin ta rasu, ni na yi jinyarta na san warin ɗakin nan. Ta tambaye ni ko ina shan taba, na ce Allah ya kiyaye. Ta ce a gidanku fa? Wallahi har na buɗe baki zan ce babu, tsabar sabo da cewa turare. Ta sa hancinta kusa da hijabina ta ce, ba kya sha amma kina shaƙa. Ta yi min bayani cewa hayaƙin ba shi kaɗai ke kawo ciwon ba, amma yana ƙara tura mutum ciki, balle mai gado irina, wai har a Japan an lura da haka ga waɗanda ke zama da masu sha. Ni da ban san komai na Japan ba sai keken ɗinkina.

Na gaya wa maigidana. Da farko dariya ya yi, wai ciwon suga daga shan suga ake samunsa, sunansa ma ya faɗa, in rage shayi kawai. Da na nace sai ransa ya ɓaci, ya ce so nake ya tsaya gaban ubansa ya ce masa na san kana shan taba? Mutumin da ya rasa dukiya ya rasa ɗa, abu ɗaya da ya rage masa mutuncinsa ne, shi ma in karɓe? Na ce to a sa silin, ya ce sai bayan kaka. Na ce Baba ya riƙa fita bayan gida, ya ce maƙwabta makafi ne? Kwana muka yi ba ma magana. Ni kuma suruka ce, ko ido ba na haɗawa da shi, ruwan alwala ma a durƙushe nake ajiyewa.

Abin da ya fi karya min zuciya, tun da Baba ya ji ba ni da lafiya ya daina sa suga a shayinsa, wai ba zai sha daɗi a gabana ba. Yana takawa da ƙafa har hanyar Duvu ya tsinko min zogale da shuwaka. Ya rage zama a majalisa don ya riƙa jin motsina, kuma damuwar ta sa turaren ya ninku. Har windon ɗakina yake sa yara su rufe kar iska ta kama ni.

Jiya da hantsi ya tsaya bayan labule ya ce da irin Hausarsa, "Yarinya na, me likita ya ce yana kawo maka wannan ciwo? Faɗa min, in yana cikin gidan nan zan fitar da shi da hannuna." Yana maganar warin yana shigowa. Na san da gaske yake, na kuma san ranar da ya gane shi ne, ba zai ƙara iya zama a gidan nan ba, alhali ba shi da inda zai koma. Na sunkuyar da kai na ce, suga ne Baba.

Ya ɗauki gwangwanin sugan gidan ya kai wa maƙwabta, ya dawo ya rufe ƙofar falo.

'Yan uwa ina tsoron abin da ya sami mahaifiyata, yarana ƙanana ne, su ma hayaƙin nan suke kwana a ciki. In tura limamin unguwa, asirin da muka rufe ya fita waje. In yi shiru, jikina ne. Wanda ya taɓa zama da dattijo irin wannan ya gaya min, ta yaya ake faɗa masa, kuma wa zai faɗa?