Jan Layi a Kwamfutar Yaya

Talata, bayan Isha'i

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda Yaya Hadiza take haɗa manhajar shagon Baba, shara nake ƙirƙira don in leƙa. Makon jiya wata Hajiya ta danna atamfa a manhajar, waya ta kai ta shafin shadda, har Baba ya ce a haƙura da abin. Yau Yaya ta sauke wani sabon tsari na gwaji. Yanzu da zarar ta rubuta hanyar shafi ba daidai ba, jan layi zai fito a kwamfutarta tun kuskuren bai kai waya ba. Baba ya gani, ya ce ta ci gaba. Yaya akwai ƙwaƙwalwa!

Sai ta juyo tana dariya: "Ke Bilki, sau uku kenan kina share wurin nan."

Na ji kunya. Gobe ba tsintsiya zan ɗauka ba, kujera zan jawo kusa da ita.