Aron Shago na Yini Ɗaya Ya Mai da Ni Yaro a Shagona

Malam, don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Zuciyata ta kawo iya wuya.

Ni baduku ne, takalman fata nake ɗinkawa. Mutumin Shinkafi ne, amma a unguwar Lamisula gemuna ya yi fari. Gida ba ya komuwa, ka san halin da dajinmu yake ciki. Lokacin da bama-bamai suke tashi a garin nan ban gudu ba. Ambaliya ta zo ta jiƙa min fatu har suka yi ɗoyi, na zubar, na sake sabon lale. Ko allura ban taɓa samu da sunan tallafi ba.

Bayan ruwan ne wata ƙungiya ta zo, wai za ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Na je. Suka dubi furfurata suka ce shirin na matasa ne, kuma 'yan asalin jiha. To, a layinmu akwai abin da aka saba: ranar da masu tallafi za su zo duba wurin sana'a, wanda ba shi da shago sai ya ari na maƙwabci, ya zauna ciki a ɗauke shi hoto. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Mai shagon da nake haya, Alhaji Babakura, ya tako da kansa ya ce in ara wa ɗansa Hashim nawa na yini ɗaya. Mutumin da ya ba ni ɗaki a benensa ranar ruwa, da wane baki zan ce masa a'a?

Hashim ya sha farar shadda, ya hau kujerata, ya riƙe basilla kamar cokali. Ya kuwa dace. Aka kawo keken ɗinkin fata sabo fil, aka kafa allo mai sunansa a ƙofar shagona.

Ba zan ci haƙƙinsu ba: keken ni nake aiki da shi, ya kuma rage min wahala. Hashim ma ba fitsararre ba ne, bai dai iya komai ba, kuma bai damu ya iya ba. Amma aron nan ya ƙi ƙarewa. Ma'aikaciyar ƙungiyar, Madam Phebe, ba ta daɗewa ba ta leƙo ba. Da an hango motarsu sai a buga wa Hashim waya ya faɗo a guje, ni kuma in sauka ƙasa kan buzu. Rannan ta dube ni da tausayi, wai Baba ka yi sa'ar ubangida, ka dage ka koya. 'Yan layi suka samu abin yi. Su da ma Afuno suke kirana, wato Bahaushe. Yanzu da na fito sai ka ji, Afuno, ina oganka, yau ya ba ka na ƙosai kuwa? Matata Gumsu 'yar gari ce, ta ce in yi haƙuri, ai allo ba ya ɗinki.

Yanzu an zaɓi Hashim ya je baje koli Abuja, da takalmana, da sunansa a jiki. Jiya kuma Alhaji ya kira ni, ya ce tunda gari ya san shagon da sunan yaron, a bar shi haka, ni in ci gaba da aiki ana biyana. Yana faɗa yana murmushi, sai ka ce kujerar Makka ya ba ni.

Malam, na tsani masu tallafa wa hoto su tsallake mai sana'a. Niyyata in je ofishinsu in fasa ƙwai kowa ya rasa. Sai dai ba Hashim kaɗai ya samu ta wannan hanyar ba, har da masu marayu a gida. In aka soke su ta dalilina, ni baƙo ina zan sa kaina? In na yi shiru kuma, zan mutu yaro a shagon da na raya.

Baduku mai ƙunar zuci, Lamisula

Amsa

Malam Baduku, an cuce ka, ba zan ɓoye maka ba. Shirin da yake ƙirga furfura bai duba hannu ba, shi ya koya wa unguwa ƙarya. Amma kai ma ba shago kawai ka arar ba, shaidar zur ka bayar, kuma duk zuwan Madam Phebe kana sabunta ta a kan buzu. Keken ma ka ci moriyarsa. Alhaji kuwa ya yi maka alheri ranar ruwa, ka riƙe masa wannan har abada. Sai dai alheri ba ya sayen sunan mutum.

Kada ka je ofis da fushi, kuma kada ka ambaci kowa a layinku. Shagonka kaɗai ne huruminka. Fara da Bulama, wato mai unguwarku, ya zaunar da kai da Alhaji gaban dattawan da suka san tun yaushe kake wurin. Ka faɗa a fili cewa shagon hayarka ne, takalmanka kuma ba sa tafiya da sunan wani. Sannan ka buɗe musu ƙofar da za su fita ba kunya: Hashim ya tuɓe shadda ya zauna ya koyi aikin da gaske, ku je wurin Madam Phebe tare, shi da bakinsa ya ce kai ne malaminsa, shagon naka ne.

Mai yiwuwa ƙungiyar ta karɓa, mai yiwuwa ta ɗauke kekenta. Alhaji ma zai iya cewa ka tashi. Saboda haka tun yau ka sa Gumsu da danginta su fara cigiyar wani shagon, ko a unguwar Dala ko a ta Ajilari. Wanda ƙafarsa ta saba da ɗinkinka zai nemo ka ko a lungu kake.

Amma in ka bari takalman nan suka hau motar Abuja kana shiru, to da hannunka ka miƙa shagon, kada ka rubuto min kana kuka da Alhaji. Ka yi magana kafin a ɗaura kaya. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka sa'ar zaman, ya sa kasuwa ta bi ka duk inda ka shimfiɗa fata.