Na Zargi Surukina da Duka, Ashe Dambe 'Yata Ke Koyo

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, na yi ɓarna da bakina, na rasa ta inda zan fara gyara.

Ina da 'ya mace, tana aiki a kantin magani, mijinta malamin makaranta ne. Bara ta yi ɓari, cikin ya riga ya yi nisa. Tun daga nan yarinyar nan ta zama wata iri, ba magana, ba dariya, abinci sai an yi da gaske. Kwanakin baya sai na fara ganin tabo a jikinta. Ta zo gidana ta zauna, zaninta ya ɗan ja, na ga ƙwaurinta duk jini ya kwanta. Wani zuwan kuma gaɓoɓin yatsunta ne a ƙuje. Na tambaye ta, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Anti, wace irin ƙofa ce ke bugun mutum a ƙafa da hannu duk mako?

Zuciyata ta ba ni dukanta yake yi. Na kai wa ƙanena maganar, shi kuma mutum ne mai zafi, bai yi wata-wata ba ya kira yayan mijin ya gaggaya masa maganganu, har aka sa ranar zama.

Kafin ranar na kasa haƙuri, na tafi gidan da rana ba sanarwa. Tun daga falo nake jin tim, tim, daga ɗakin da suke ajiye tarkace, ga nishinta, ga muryarsa yana cewa ta ƙara. Na rarumi sandar goge ƙasa na banke ƙofar.

Buhu na gani rataye da igiya. Surukina ya tokare shi da kafaɗa, tabarau ya karkace, littafi a buɗe a hannunsa. 'Yata ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafa ɗaya a sama. Ashe damben nan na zamani take koya, wanda ake haɗa naushi da shuri. Wai a wajen mai tsofaffin littattafai ta tsinci littattafan, masu hotuna, ana nuna yadda ake tsayuwa da yadda ake juya ƙugu. Shi yake karanta mata, ita tana gwadawa. Shi ya ɗura buhun da yashi. Ta ce tun da ta fara ne take samun barci, kuma ta ɓoye mini ne don ta san zan ce ba aikin matar aure ba ne. Da ta ga sanda a hannuna ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarta, na manta.

Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala. Amma shi bai yi dariya ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini ruwa, ya fita. Ashe yayansa ya riga ya gaya masa komai, shi kuma surukin nawa bai ko faɗa wa 'yata ba don kada ta shiga damuwa. Wannan yaron shi ke kawo mini maganin hawan jini ba tare da na roƙa ba. Yanzu sai dai ya aiko.

Yaya zan yi da shi? Kuma in bar ta ta ci gaba, alhali littafi ne kaɗai malaminta, jikinta duk tabo?

Daga wata uwa mai jin kunya

Wa alaikumus salam Mama. Na fara da taya ki murna: 'yarki na cikin aminci, kuma tana da mijin da ya tsaya mata.

Ba ki yi laifi ba da hankalinki ya tashi. Mata da yawa na ɓoye duka da irin amsar da ta ba ki, kuma uwar da ta ga tabo ta kau da kai ita ce abin zargi. Kuskuren shi ne kai maganar waje kafin ki tabbatar. Ita ma 'yar taki tana da nata kason, don ƙaryar ƙofa ce ta hura wutar.

Ki fara da ƙanenki yau ɗin nan. Shi ya kira yayan mijin, shi zai sake kiransa ya janye maganarsa, a soke zaman. Duk kunnen da ya ji zargin, ya ji wankewar. Sannan ki kira surukinki a gaban matarsa ki ce masa kin zarge shi da abin da bai yi ba, ya yafe miki. Kada ki aika, kada ki lulluɓe maganar da wasa. Girmanki ba zai ragu ba. In bai sake nan take ba, ki ba shi lokaci, an taɓa masa mutunci ne.

Batun damben kuwa, kada ki hana ta. Abin da ya dawo mata da barci da dariya ba abin raini ba ne. Sai dai a gyara. Buhun yashi ya yi wa mai koyo tauri, a zazzage shi a cusa ƙyallayen tela. Ta nemi safar dambe, da abin naɗe wuyan hannu, da na kare ƙwauri, ta kuma huta har tabon ya warke. Littafi zai nuna mata tsayuwa, amma ba ya ganinta balle ya ce ta karkace, don haka ta nemi mai horarwa, mace in ta fi sakewa da hakan, ta riƙa duba ta ko da jefi-jefi ne. Ta kuma ga likita, ta gaya masa batun ɓarin, da wasan, da halin da zuciyarta ta shiga.

Ke kuma ki zama uwar da za a iya gaya wa irin wannan ba tare da fargabar faɗa ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara mata lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka.