Famfas ɗin da ba a buɗe ba

Talata, bayan sallar isha'i

Yau Zainab ta ƙona min rai. Garin neman mayafi a ƙasan akwatina ta ci karo da ƙunshin famfas ɗin jarirai da babanta ya saya ina da cikin fari, lokacin yana aiki a masaƙar Kakuri. Ko tambayata ba ta yi ba, ta ɗauki hotonsa ta watsa a intanet.

Da la'asar ta shigo tana rawar kai. "Mama, wani Bature zai saya da dala! Tara tsofaffin famfas suke yi, wasu har a jikinsu suke sakawa."

Ƙato da gemunsa! Na ce ta goge hoton kafin in saɓa mata. Har da tura baki, wai ajiyar banza nake yi.

Laifina ne, ban taɓa gaya mata tana da yaya ba. Kwana huɗu ya yi a duniya, ko suna ba a yi ba.

Wai Baturen ya ce darajarsa ita ce ba a taɓa buɗe shi ba. Ya tambayi abin da ya hana a buɗe?