Aiken Alhaji na Ranar Laraba

Bracodi, Adjamé

Assalamu alaikum Gwaggo Saudatu,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ko a waya ba na iya wuce gaisuwa. Ni ce Khairat, autar Inna. In na ji muryarki sai Hausata ta gudu, Faransanci ya yi ta shigo mini baki, shi ya sa na zaɓi takarda don in bi a hankali. Ina fatan kina lafiya, ke da Baffa Abdulƙarim da dukan mutanen Damagaram. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Inna lafiya lau, ni ma karatu yana tafiya.

Maganar Yaya Huzaifa ce. Kin san tun hatsarin gbaka, ƙaramar motar hayar da ta kife da su a hanyar mayanka har abokinsa Harisu ya rasu, bai koma daidai ba. Barci ya ƙaurace masa, kuma da ya ga jini sai hannunsa ya hau rawa, shi da sana'arsa yankan nama ce a teburin Alhaji Maiwada. Ranar da kika ce wa Inna wannan ciwo ne mai likitansa, a haɗa da addu'a a neme shi, ina gefe ina ji. Na daɗe ina zagaya ƙofar nas ɗin makarantarmu kafin na iya shiga. Ita ta kwatanta mana wata likitar halayyar ɗan Adam a Treichville, sikolog kamar yadda ake cewa a nan. Ba ta yin allura, sauraro take yi. Yaya ya dawo ranar farko yana cewa bai taɓa sanin magana tana gajiyar da mutum haka ba, amma ya ci tuwo har da ƙari.

Sai dai likitar ta ce ya riƙa zuwa kowace Laraba da safe, daidai lokacin da nama ke isowa kasuwa. Ya rasa yadda zai nemi izini, sai Inna ta aika cewa zazzaɓi yake yi. Gwaggo, mun manta da halin mahauta. Kafin la'asar duk layinsu ya cika mana tsakar gida da dubiya, wannan da saiwa, wancan da farfesu, kowa yana tambayar ina ke ciwo. Sha'ibu, mai teburin kusa da nasu, ya taɓa goshinsa ya ce wannan zazzaɓin mai kunya ne, ko ɗumi ba ya yi, ga shi kuma an hango shi a Treichville da safe, ko dai budurwa ce a can. Aka yi ta dariya. Yaya ya ce ba zai sake zuwa ba, gara ya haƙura da a ce ya taɓu, ko Alhaji ya ba wani wuƙarsa.

A nan ne kika sake kira, kika ce masa ya je da ƙafarsa ya gaya wa ubangidansa gaskiya. Ya je ya gaya masa. Alhaji ya ce shi ma ya ga hannun yana rawa, jira yake a faɗa masa. Ya ce daga yau kada wanda ya sake ambaton zazzaɓi. Kowace Laraba shi ne ya aike shi Treichville, kuma ba a tambayar yaro aiken ubangidansa. Mai son sani ya zo ya tambaye shi. Da Yaya ya ce yana tsoron sa babba yin ƙarya, Alhaji ya ce aike ne na gaske: ya je ya dawo masa da hannunsa.

Yanzu ranar Laraba Alhaji da kansa yake naɗe hannun riga ya tsaya a teburin, bayan shekarun da ya yi bai riƙe wuƙa ba. Mata masu saye suna tsokanarsa, wai kafin tsoho ya gama sara ƙashi miya ta ƙone, shi kuma yana ce musu iyayensu ma a hannunsa suka saya. Sha'ibu bai sake tambaya ba.

Yaya bai gama warkewa ba. Har yanzu ba ya shiga gbaka, babbar bas yake jira komai daɗewarta. Amma jiya na tsaya ina kallonsa yana yanka wa Inna naman miya, hannun bai yi rawa ba. Na rasa wanda zan faɗa wa, sai ke. Na gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri.

Ki gaida Baffa, da Afra'u, da Hafsatu da jaririnta. Inna tana gaishe ki, Yaya ma, ko da yake bai san na rubuto ba. In ban takura miki ba, kin yarda in sake rubuto miki ranar da ya shiga gbaka?

Ɗiyarki,
Khairat