Famfon Jif ɗin Alhaji Bai Zauna Ba

Laraba da dare, Mafara.

Yau ma ban je Dakko na ɗauko Yaya Hajo zuwa asibiti ba. Hanya duk laka, ba mai shigarta sai tsohuwar jif ɗin maigidana, marigayi Alhaji, ita kuwa famfon ruwanta ya mutu.

Ɗana Bello ya sayo sabo a Gusau. Bakanike ya juya shi, ya juya, ya ce ramukan noti ba su hau ba. Ashe sunan mota kawai Bello ya faɗa wa mai shago, tsohon famfon ya baro shi gida, wai zai ɓata masa riga. Injin nan kuwa Alhaji ya musanya shi tun Bello na goye.

Na ce wa Bello, "Kai da ba ka sayen bijimi sai ka shafa shi, ƙarfe za ka saya da baki?" Bai yi dariya ba.

Na kira Yaya. Ta ce, "Ke da jif ɗin, wa ya fi nawa? Ki dai yi sauri." Da ƙyar muryarta ke fita.

Na naɗe tsohon famfon cikin zanena, na aza bisa takalman Bello, kada gobe ya koma Gusau babu shi. Ga hadari can ya sake haɗowa.