Ƙasar Sawunka Tana Hannuna

Zuwa ga gawona mai ganye da rani, inuwata a ranar da kowace itaciya ta tuɓe, ruwan randata mai sanyi, hasken idona kuma hawayensa, Alkasim ɗan Sanda. I, na kira sunan, kuma zan ƙara: Alkasim! Tunda har yau ba ka aiko kowa gidanmu neman aurena ba, ba ka ba ni dalilin jin kunyar sunanka ba. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya, domin so nake takardar nan ta same ka da ƙarfinka.

Ashe Kumasi za ka? Ashe kawunka Na Allah ya kira ka kasuwar goro, kai kuma ka amsa? Ka sayi adakar ƙarfe mai zanen furanni, ka kai rigunanka wurin mabugi, baduku ya ɗinke maka layu, ka naɗe sabuwar tabarma da buta, ka bar jakinka hannun maƙwabci. Mai hoto ya sani. Direban kamyo ya sani. Har jakin ma ya sani, tunda ya ga an canza masa turke. Duk faɗin Tasawa, ni Biba kaɗai aka bari ina washe baki in na hango ka.

Na san al'adar, ba sai ka tuna mini ba: matafiyi ba ya faɗin ranar tashinsa, don gudun baki da idon maƙiyi. To ni ce maƙiyin? Bakin nan da bai taɓa ambatonka ba sai da addu'a, shi ka ji tsoro? Idon nan da yake raka ka har ka sha kwana, shi ka lissafa cikin masu kambun baka? Wayyo, masoyina! Da zagina ka yi a tsakiyar kasuwa, da bai yi mini ciwo haka ba.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun manta cewa ba wanda ya kai innata iya ƙuli-ƙuli a garin nan, kun kuma manta cewa ni ce hannunta. Ƙanwarka Husaina ta zo ta ce a yi mata cike da babbar ƙwarya. Na soya gujiya, na murza, na sheƙe, na daka, na matse mai har kafaɗuna suka yi tsami, ina yi ina waƙa. Wautata ta kai ni ga zaton ko wani sha'ani ake shiryawa a gidanku wanda ya shafe ni. Ina tsakiyar suya ta dawo, ta leƙa kaskon ta ce, "Ki bar shi ya yi ƙarau, Biba, kin san hanyar Kumasi da nisa." Sai ta dafe bakinta. Haka na gane cewa guzurin gudunka nake soyawa da hannuna.

Ka tuna shekarar da muka samu mulkin kai, ranar da muka dawo daga kasuwar Mayahi bisa kamyo, a saman buhunan gujiya? Ka gyara mini wuri a tsakanin buhu da buhu, ka riƙe igiya da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana ɓare mini gujiyar da ke zubowa daga wata ɓaraka. Goribar Gulbin Kaba tana wucewa, iska tana fizge mini kallabi, kai kuwa ba ka bar komai a cikinka ba. Ka faɗa mini kana tsoron kare. Ka faɗa mini ka yi kuka ranar da aka sayar da ɗan maraƙinka. Ka ce abin da ka sani, na sani, har abada. Ina abadan ya tafi, ya zumar zuciyata? Ko shi ma ka ninke shi cikin adaka?

To ka saurara, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Sauran tunkuzar da ban riga na soya ba, na murje ta da barkono, irin ƙananan nan da inna ke hana mu taɓawa. Na cuɗa mai barkonon da marar barkonon, ko ni ba zan iya rarrabe su ba yanzu. Duk inda yunwa ta kama ka a hanya, ka sa hannu da bismillah. Wani zai yi maka daɗi kamar hirarmu, wani zai sa ka hawaye a gaban baƙin mutane. Ka yi su da kyau, nawa ne nake ba ka aro.

Wannan somin taɓi ne. Jiya bayan la'asar ka zo ka tsaya ƙarƙashin kurnar ƙofar gidanmu, ka yi ta zuba mini labarin farashin gujiya, ina kallonka, ina jiran kalma ɗaya. Ba ka faɗe ta ba. Kana juya baya na durƙusa na kwashe ƙasar sawunka na dama, na ƙulle ta a bakin zanena. Ka san abin da ake yi da ita. Akwai wata tsohuwa wajen garin Sarkin Hausa da ta iya kiranye. An ce wanda ta kira, ko yana bayan teku, barci ba ya ɗaukarsa, abinci ba ya shigarsa, sai ya taso ya biyo hanyar gida ko sallama bai yi ba. Ban kai mata ba tukuna. Ina tsoron Allah, Alkasim, amma kada ka gwada iyakar tsoron nan.

Ba na hana ka tafiya. Je ka nemo, namiji ba ya tsufa a gindin rumbun ubansa. Abin da nake roƙo ɗaya ne, ina roƙonsa da gwiwa a ƙasa ko da yake haƙorana a cije suke: kafin kamyon ya tashi, manyanka su zo su zauna a zauren babana da goro, a yi fatiha, garin nan ya san wa nake jira. In ka yi haka, ni da kaina zan zuba ƙasar nan a ƙofar gidanku, in sa maka albarka, in ɗaure maka adakar.

Ko ka aiko ko ba ka aiko ba, ni taka ce, tauraron asubata. Ba zan kalli wani ba, ko damina nawa za ta wuce. Dawowa kam za ka dawo. Zaɓin da na bar maka shi ne ko ka dawo bisa mota da kayanka, ko ka dawo a ƙafa kana kiran sunana.

Taka, wadda ba ta yafe ba kuma ba ta daina so ba,
Biba